Unguwar da Allura Ba Ta Motsi

"Ni fa ban ce ba na son gidan ba, Abban Kurciya."

"Amma kuma ba ki ce kina so ba."

"To ai... ban ce ba na so ba."

Ya kashe motar ya juyo ya zuba min ido. Shekara tara muna tare, na san wannan kallon. Shi yake yi wa na'urarsa idan ta ba shi lambar da bai yi tsammani ba.

Mijina injiniyan sauti ne. Kar ku ɗauka mai haɗa lasifika a wajen taro, shi aikinsa auna ƙara. Idan za a gina asibiti ko makaranta, shi ake kira ya zo da wata tsohuwar na'ura mai kan soso da 'yar allura a fuska, ya ɗaga ta sama ya ce nan hayaniya ta yi yawa, can kuma ta yi daidai. Da wannan aikin muka yi shekara takwas a ƙasar waje, da na'urar kuma ya dawo a aljihun gaban rigarsa, daidai wurin da ni ya kamata a ce ina zaune.

Satinmu uku da dawowa. Muna maƙale a ɗakin baƙi na gidan Yayata, mu uku da akwatuna goma sha ɗaya. Unguwa bakwai muka zaga, kowacce sai ya auna ta safe da rana da yamma, ya zana layuka a littafinsa: makaranta, asibiti, ruwa, wuta, filin wasa, ƙara. A gurbin ƙara, layin gidan Yaya ya ci saba'in da takwas. Wata sabuwar unguwa a bakin gari, mai katanga da ƙofar shiga ɗaya, ta ci talatin da biyu.

"Talatin da biyu fa, sanyin idona," ya ce yana nuna min shafin. "Ko ɗakin karatu bai kai ta shiru ba. Jibi ne sa hannu, dillali ya ce akwai masu jira a bayanmu."

"Na ji."

"Ciwon kanki nake tunani. Na yi alkawari ba za ki ƙara kwana da shi ba."

Na buɗe ƙofa na fita, na bar shi da littafinsa.

Bari in faɗa muku abin da ban taɓa faɗa masa ba. Ni ba ni da wani ciwon kai.

Can inda muka zauna, hawa na tara muke, tagar falonmu na kallon layin dogo. Yana fita tun safe, ni kuma sai in wuni da bango huɗu. Maƙwabta ba sa gaisuwa, in kun haɗu a lif ɗin hawa bene kowa ya kalli takalminsa. Ran farko da ya dawo ya tarar idona ya yi ja, kunya ta hana ni cewa kewa ce ke damuna, alhali mutane nawa ne ke addu'ar samun irin zamana. Sai na ce kaina ne ke ciwo. Bawan Allah ya ɗauko na'ura ya kara a taga, jirgi ya wuce, allura ta zabura, ya ce ga ɓarawon nan ya kama shi.

Ya sayo labule mai kauri. Ya sa aka ninka gilashin tagar. Ya bi duk wata kafa ya toshe da hannunsa, har ya yanke a yatsa. Shi bai san jirgin nan da ke wucewa duk minti goma sha biyu shi kaɗai ke tuna min akwai mutane a duniya ba. Yana fita nake buɗe tagar, ko da sanyi na yanka fata, in ya kusa dawowa in rufe.

A cikin wannan shirun na haifi 'yarmu. Shekararta huɗu yanzu, kunnenta lafiya lau, amma ba ta magana, sai dai "kuu... kuu" in tana son abu. Shi ya sa muke ce mata Kurciya. Likita ta ce a sa ta cikin yara. Dalilin dawowarmu ke nan, kuma ni a raina kullum ina zargin shiruna ne ta tsotsa.

To yanzu ya zan yi? In yi shiru, a kulle ni da 'yata a wani kejin da ya fi na da kyau. In yi magana, in ce masa duk wahalar da ya sha shekara takwas a kan ƙarya ya sha ta. Kuma abin da ya ƙara dagula min lissafi, ni layin Yaya ma ban san ko ina son sa ba. Mai walda na nan a bakin layi tun bakwai na safe, kwata na wari, matan layin kuma kafin ki shanya zani sun san ranar da kika saya. Da murnata na bar irin wannan rayuwar.

Na tarar da Yaya a kicin tana yanka albasa. Malamar makaranta ce, 'ya'yanta biyar, muryarta ita kaɗai ta isa ta karya wa mijina allura.

"Kun gama zaɓen?" ta tambaya.

"Shi dai ya gama."

"Ke fa?"

"Ni duk ɗaya ne, Yaya."

Ta ajiye wuƙar. "Kin ji ki ko? Tun kina 'yar mitsitsiya haka kike. Umma ta ce ja ko kore, ki ce duk ɗaya, a ba ki ja ki kwana uku kina kuka. Yanzu ba ɗankwali ake raba muku ba, ƙanwata, gida ne."

"To idan ban san wanda nake so ba fa?"

"Kin dai san wanda ba kya so. Fara da shi."

Na leƙa ta taga. Kurciya na tsakar gida tana bin 'ya'yan Yaya duk inda suka yi. A sati ukun nan ta koyi abu ɗaya: in yamma ta yi, yara na bin gida-gida suna buga ƙofa suna kiran junansu wasa. Ita ma sai ta bi su ta buga da 'yar tafin hannunta, ba ta cewa komai.

Washegari da yamma ya ce mu je mu yi wa gidan kallon ƙarshe, har da Kurciya, ta ga ɗakinta.

Gaskiya unguwar ta haɗu. Titi shimfiɗe ba ko rami, bishiyoyi a jere, kowane gida da fenti sabo. Na ce a raina, ke dai anya ba butulci ne ke damunki ba? Mace nawa ce za ta ga wannan ta tsaya tana wani ban sani ba?

Muka tsaya a filin wasa. Ya ciro na'ura yana murmushi.

"Duba, ƙarfe huɗu da rabi, lokacin tashin makaranta, amma ko motsi allurar ba ta yi."

Ni kuwa lilo nake kallo. Ledar da aka naɗo shi da ita daga kanti tana nan a jikin kujerar, rana har ta cinye kalarta.

Kurciya ta zame hannunta daga nawa. Ta nufi gidan da ke kallon filin, ta buga ƙofar ƙarfen, ta tsaya tana jira. Ta matsa na gaba ta buga. Ta matsa na uku. Sannan ta juyo ta kalle mu ta ce, "Kuu?"

Wani dattijo mai gadi da ke ban ruwa ga furanni ya saki dariya. "Ba kowa, jikata, kar ki gajiyar da hannunki."

"Sun fita aiki ne, Baba?" mijina ya tambaya.

"Wane aiki, ranka ya daɗe? Gida arba'in da biyu ne a nan, biyar ke da mutane. Sauran masu su suna ƙasashen waje, irinku dai. Sukan zo hutu su yi sati biyu su koma."

"Yara fa?" na ce.

Ya ɗan yi tunani. "Akwai wani jariri a layi na uku... su ma watan jiya suka tashi."

Mijina ya kalli na'urarsa, ya kalli gidajen, ya sake kallon na'urar. Sau tara ya zo nan yana auna shiru, bai taɓa tambayar me ya kawo shirun ba.

"To..." ya ce a hankali, "yara dai sai mu riƙa kai ta gidan Yaya duk ƙarshen mako. Muhimmin abu kanki ya huta."

"Ba ni da ciwon kai."

"Yau ba kya jin sa ko? Kin gani, tun ba mu tare ba..."

"Ban taɓa yin ciwon kai ba, Abban Kurciya. Ko sau ɗaya."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo ba. Na faɗa masa komai a tsaye a nan gaban lilon, a hargitse, na farko ya koma ƙarshe. Kewa, kunya, jirgin ƙasa, tagar. Na ce masa shiru ne ke kashe ni, kuma ina tsoron shi ne ya ɗaure wa 'yarmu harshe.

Ya sauke na'urar a hankali.

"Shi ya sa kullum nake tarar da falon da sanyi?" ya ce. "Sau uku ina kiran mai gyaran hitar ɗumama ɗaki. Har faɗa na yi da mutumin."

"Ka yafe min..."

"Shekara takwas. Ina ta toshe miki abin da ke riƙe da ke, kina ce min sannu da ƙoƙari." "Ni dodo ne da ba za a iya faɗa min ba?"

"Kyautatawarka ce ta yi yawa, na rasa ta inda zan fara."

Ya ɗauki Kurciya ya sa a mota. Muka kama hanyar gidan Yaya.

Da safe na farka ba ya nan. Babu littafin, babu na'urar, babu takardun gidan. Na kira wayarsa sau huɗu bai ɗauka ba. Na ce shi ke nan, ya je ya sa hannu don haushi. Can na ce a'a, tikitin komawa ya je nema. Can kuma na ce ai gara ma ya sa hannun, ni na jawo. Na wanke kofi ɗaya sau uku, har Yaya ta ƙwace ta ce in je in haukace a wani wurin.

Sai wajen ƙarfe huɗu ya shigo, takalminsa duk ƙura.

"Ɗauko mayafinki," ya ce. "Ke ma taho, 'yar Abba."

A ƙafa muka tafi. Layi biyu a bayan na Yaya, inda ƙarar mai walda ba ta kaiwa, ya buɗe wani gida da mukullin aro. Ɗaki uku ne, fentin ya tsufa, famfon kicin na ɗiga. Tagar falon na kallon wani fili a bayan makarantar firamare.

"Na ce wa dillali ya ba masu jiran can," ya ce. "Nan kuma ban sa hannu ba, ban ma ce ina so ba. Tun safe nake bin layukan nan ina ƙirga igiyoyin shanya masu kayan yara." Ya miƙo min littafin. Ya ja layi ya soke gurbin ƙara gaba ɗaya. "Har yanzu raina a ɓace yake, kar ki ɗauka ya wuce. Amma ni ma shekara takwas ina tambayar ƙarfe abin da ya kamata in tambayi matata. To yau ke nake tambaya. Kina so?"

Na kalli silin mai tabon ruwa. Na tuna titin jiya mai santsi.

"Wallahi... ban sani ba."

"To mu tsaya har ki sani. Ba inda za ni."

Sai aka kaɗa ƙararrawar tashi. Yara suka ɓarko filin nan kamar an buɗe famfo, masu gudu, masu faɗa a kan ƙwallo, wata na kuka an taka mata jaka. Da kansa ya je ya tura tagar ta buɗe. Na'urar na hannunsa a kunne, sabo ya hana shi kashewa, allurar na rawa a kan sittin da biyar.

Kurciya ta ja wani tsohon bokiti ta kife, ta hau ta kama ƙarfen tagar. Wata yarinya mai kitso biyu ta tsaya daga waje tana kallon ta. Kurciya ta zura hannu ta cikin ƙarfen, ta buɗe baki.

"Zo!"

Allurar ta buga har ƙarshe.

Na zauna a ƙasa cikin ƙura. Shi ma ya durƙusa, yana dariya hawaye na bin gemunsa, yana ta cewa, "Kin ji? Kin ji ta, masoyiyata?"

"Na ji," na ce. "Ina so. Gidan nan nake so, Abban Kurciya."

Ya kashe na'urar ya jefa min a jaka, ya share fuska da hannun riga.

"Je ki buɗe wa baƙuwarta ƙofa," ya ce. "Tagar kuma a bar ta haka."