Awa Guda a Ofishin Si Bushta

Ranar goma sha biyu ga azumi, saura kwata a shiga jarrabawa, aka kama tambayoyin ƙarshen shekara a wayoyin ɗalibai goma sha tara na wata makarantar koyon aikin jinya a Meknes. Kafin azahar an dakatar da Si Bushta, shugaban sashen jarrabawa. Kafin la'asar ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar gidansa, ɓarin jikinsa na dama ya mutu, harshe ya ƙi tashi.

'Yarsa Siham, wadda sana'arta ceto bayanai daga kwamfutocin da suka lalace, ta je wurin shugabar makarantar washegari. Kukanta ta gama shi tun a asibiti. Abin da take so yanzu shi ne ta san wanda ya yi wa ubanta wannan, ta kuma wulaƙanta shi a gaban mutane kamar yadda aka wulaƙanta tsohon.

"'Yata, ni ma ban so ba," in ji shugabar, Lalla Zhor. "Amma kwamfutarsa ba ta ko kunnuwa sai da kalmar sirri, shi kaɗai ya san ta. An buɗe tambayoyin ranar Talata ƙarfe huɗu saura ashirin. Kin san a azumi ƙarfe uku muke tashi. A lokacin babu kowa a ginin sai shi. Ranar Alhamis kwamiti zai zauna ya kore shi."

"A ba ni kwafin faifan ajiyar bayanai da ke cikinta, a gabanki."

An ba ta. Tunda mai kalmar sirrin ba ya iya magana, Siham ba ta wahalar da kanta da akwatin kwamfutar ba. Wannan makulli na kalmar sirri a jikin akwatin yake, bai shafi faifai ba. A shagonta ta buɗe manhajar da ke gina kwamfutar kwaikwayo a cikin wata kwamfuta, ta ɗora mata kwafin faifan, ta tayar da ita. Ta yi wannan aiki ya fi sau ɗari, ta san halinsa. Faifan da ya farka a baƙon jiki sai ya yi gardama, ya tsaya yana laluben sababbin kayan da ya tarar, ya mutu ya sake tashi.

Wannan bai yi ko tari ba. Ya tashi sumul, kamar jakin da ya san hanyar gida. Siham ta daɗe tana kallon allon. Wani ya riga ta. An kwance faifan daga akwatinsa, an tayar da shi a kwamfutar kwaikwayo irin tata, an mayar. Kalmar sirri ta biyu, wadda ke buɗe manhajar jarrabawar, sunan marigayiya mahaifiyarta ne, kuma duk makarantar an san haka. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ta fara da mai gadi, Ba Allal, wanda makullin ofis na biyu ke rataye a ɗakinsa.

"Wa ke karɓar makullin nan, Baba?"

"Tawfik mai gyaran kwamfuta, in waya ta lalace. Sai Si Abdelhadi, in yana neman hatimi."

"Ranar Talata fa?"

"'Yata, a azumi ni Talata da Laraba duk ɗaya ne. Ki tambaye ni ƙarfe nawa ake shan ruwa, wannan na riƙe."

Ta dubi hannuwansa masu rawa. Wannan ko ƙusar tabarau ba zai iya kwancewa ba. Ta tambaye shi ko wani kan rage a ginin bayan ƙarfe uku, ya rantse kullum babu kowa sai Si Bushta, a zaune a ofishinsa yana duba takardu. Nan ta tsaya. In tsohon yana zaune a gaban akwatin a lokacin, to faifan ba ya hannun kowa. Ko dai mai gadi na ƙarya, ko agogo ne ke yi.

Duk ƙasar an mayar da agogo baya da awa guda kafin a ɗauki azumi, kamar kowace shekara. Kwamfutar kwaikwayo kuwa ba ta da agogon kanta, na uwar ɗakinta, kwamfutar da ke ɗauke da ita, take ara. In kwamfutar ɓarawon ba a mayar da ita baya ba, huɗu saura ashirin ɗin nan uku saura ashirin ce, lokacin da Si Bushta yake aji a gaban ɗalibai arba'in.

Ta sami Tawfik a ɗakin gyaransa, ta shiga babu sallama.

"Juyo mini da kwamfutarka."

"Lalla Siham, a yi gaisuwa mana. Yaya jikin Malam?"

"Juyo ta."

Agogonsa daidai yake, kuma bayanan cikinta sun nuna tun jajibirin azumi aka gyara shi. Tawfik ya ce shi da kansa ya bi ofis-ofis yana gyara wa kowa, domin mutane sun gaji da agogon da ke sauya kansa a ranar da ba ita ba, sun kashe masa wannan ikon.

"Kowa da kowa?"

"Ban da Si Abdelhadi. Ba ya bari a taɓa masa kwamfuta, sai ka ce amarya. Tun da na koya masa tayar da kwamfutar kwaikwayo bara, saboda wata tsohuwar manhajar magunguna, yake ganin ya fi ni iyawa."

Siham ta zauna a kan kwali. Abdelhadi ɗalibin ubanta ne tun yana matashi. Shekara uku yana cin kuskus ɗin Juma'a a gidansu, tsohon ne ya kawo shi makarantar ya yi masa mataimaki. Jiya ma ya zo asibiti da dabino, ya sumbaci goshin mara lafiya. Da ta tuna wannan sumba sai ta ji kamar ta je ta wanke goshin da sabulu. Tana iya tunkararsa a ofishinsa su biyu. Ta ƙi, domin ba a ɓoye aka ci mutuncin ubanta ba.

Ranar Alhamis kwamiti ya zauna, mutum bakwai. Si Abdelhadi, wanda tuni aka ba shi riƙon kujerar tsohon, shi ke da alhakin gabatar da hujjoji. Ya haɗa kwamfutarsa da majigi, allonsa ya bayyana a bango.

"Si Abdelhadi, ƙarfe nawa?" Siham ta tambaya.

Ya dubi agogon hannunsa. "Sha ɗaya da minti biyar, ƙanwata."

"A bango fa?"

Kowa ya juya. A ƙasan allon an rubuta sha biyu da minti biyar.

"Mantuwa ce," ya ce yana murmushi. "Rabin ƙasar nan haka suke."

"Rabin ƙasar nan ba su karɓar makulli wurin Ba Allal." Ta miƙe ta yi wa kwamitin bayani dalla-dalla: faifan da ya tashi babu gardama, makullin akwati da aka kewaye, agogon aro, da ajin da ubanta yake ciki a ainihin lokacin. Sannan ta ce, "Lalla Zhor, sa shi ya buɗe manhajar kwamfutar kwaikwayo. Duk faifan da aka taɓa ɗora mata tana riƙe lambarsa. Ga lambar faifan mahaifina a takarda."

Abdelhadi ya ƙi buɗewa. Lalla Zhor ta sa Tawfik ya buɗe, ya karanta lambar da ƙarfi, Siham na bi a takarda. Ko harafi ɗaya bai saɓa ba. Abdelhadi ya fara cewa shekara goma sha ɗaya yana mataimaki, tsohon ya ƙi ritaya, shi dai so ya yi a matsar da shi kawai, bai yi zaton abin zai kai ga asibiti ba. Siham ba ta ɗauke ido daga fuskarsa ba har ya gama, ta kuma ji daɗin kowane gumi da ya keto masa.

A bakin ƙofa ya tare ta, kafin 'yan sandan da shugabar ta kira su iso.

"Ƙanwata, albarkacin wannan wata. Ina da 'ya'ya. Ki ce a bar maganar a cikin gida, ki yafe mini."

"Ba ni ka yi wa ba," ta ce. "Ka san ɗakin da yake kwance. Je ka roƙe shi. Ranar da ya buɗe baki ya ce ya yafe, ni ma na yafe."