Manyan Rahim a Gidan Alhaji Osmanu

Rahim ya fara ganin Kausara ranar da ta kai shinkafa da waken mahaifiyarta wurin liyafar malamai a jami'a. Ya taya ta sauke tukunya daga tasi, ya ƙone yatsa, ta yi masa dariya. Kafin ta tafi ya karɓi lambarta.

Ƙaramin malami ne, cikin waɗanda aka ɗora wa kula da gidan kwanan ɗalibai maza. Can yake kwana, can yake ci, tebur ɗaya da farfesoshi. Maraya ne daga arewa. A Kumasi ba shi da kowa sai shugaban gidan, Farfesa Adusei, mutumin Asante, Kirista, wanda ya riƙe shi tun yana ɗalibi.

Wata rana ya rubuta mata: "Kausar tawa, na gaji da gaishe ki ta waya."

Ta amsa: "Malamina, ina da uba. Turo manyanka."

Da Farfesa ya ji, ya yi murna, ya ce a bar masa komai. Rahim ya ji nauyin koya wa babba yadda ake neman aure a Zango, unguwar Musulmi inda su Kausara suke, sai ya bar shi ya yi yadda ya sani.

Ranar Asabar malaman gidan suka shigo Tsohon Zango cikin kente, tufafinsu na gargajiya. Suka yi yadda ake yi a garuruwansu. Suka ajiye kwalaben barasa a kan tabarma, gaban Alhaji Osmanu mahaifin Kausara, gaban ƙannensa da limamin unguwa.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ce su kwashe kayansu. Da suka fita ya sa aka jefar da tabarmar.

"Wanda waɗannan ne manyansa," in ji shi, "ba shi da manya."

Zango ta ɗauka. Mata a bakin famfo suka sa wa Kausara suna amaryar kwalba. Taufiq, mai shagon kayan mota a Dichemso, ya aiko da goron neman aurenta tun maganar ba ta huce ba.

Kausara ta durƙusa ta gaya wa mahaifinta ba za ta gudu ba, ba za ta auri Taufiq ba, zama za ta yi. Ta zauna. Azumi ya wuce, layya ta wuce. Farfesa ya dawo da goron neman gafara, aka bar shi a tsaye a waje.

Rahim ya rubuta: "Laifina ne, masoyiya. Ban gaya wa Farfesa al'adarmu ba."

"Na sani. Ina nan."

Mahaifiyarta Azaratu ta yi ta fama da Alhaji har ya kira Rahim. Ya ce zai ba shi Kausara, amma kada kowa daga gidan nan na jami'a ya zo ɗaurin auren, kada kuma ɗayansu ya taka gidan Alhaji har abada.

"Baba, Farfesa ne ya yi jinyata da na kwanta a asibiti. Ba ni da wani uba."

"Sai ka zaɓa."

Rahim ya je ya gaya wa Farfesa, idonsa a ƙasa. Tsohon ya ce:

"Je ka auri matarka, ɗana. Ni na ɓata, ba kai ba."

Ranar Lahadi aka ɗaura aure a masallacin unguwa. Ladan ne ya tsaya wa ango a matsayin wakili, sai da ya juya ya tambaye shi sunan mahaifinsa. A ƙetaren titi, inda motocin haya na trotro ke tsayawa, Farfesa yana tsaye cikin rana. Da aka shafa fatiha, ya ɗaga hannu yadda ya ga ana yi. Rahim ya gan shi. Bai ƙetara ba.

Kausara ta tare. Suna zaune lafiya. Allah ya sa albarka, ya ba su 'ya'yan da ba za a hana su gaida kakansu Farfesa ba.