Durowar Ƙasa

Magariba ta kawo jiki lokacin da kafinta ya buga ƙusa ta ƙarshe a kabad ɗin mahaifiyarsa. Tsohon katako ne mai nauyi, gindin durowoyinsa duk ya lotsa kamar ƙwarya. Shekara da shekaru Inna tana roƙonsa ya duba mata, shi kuwa gobensa ba ta ƙarewa. Ya gyara ƙofofin rabin unguwa, nata aikin bai samu shiga ba. Sai da aka binne ta zuciyarsa ta hana shi sakat. Ya ɓamɓare tsofaffin falankan ya watsar a bayan ɗaki, ya sa sababbi, ya bi su da gam da ƙusa.

Yana goge hannu ke nan tsakuwa ta faɗo a kan kwanon rufi. Wata ta biyo baya. Matarsa ta leƙa waje, ba kowa. Daga nan gidan ya yi tsit, sai wata ƙarar katako daga ɗakin Inna, irin ta durowar da ake ja tana cijewa.

A can suka tarar da Auta, 'yarsu, durƙushe gaban kabad, ta tallabi ƙasan durowar ƙarshe da tafukanta. Sun kira, sun jijjiga, ba ta ko ƙifta ido ba. Kwana biyu ba ci ba sha, hannuwan suka kumbura. Aka ɗauko malam.

Malam ya zauna ya yi ta karatu har muryarsa ta dushe. Can bakin yarinyar ya buɗe da wata murya mai kauri.

"Ka ƙona ni, malam. Ya isa."

"Wane ne kai? Me yarinya ta yi maka?"

"Ba ta yi komai ba. A ƙarƙashin durowar nan nake tun kafin a haifi ubanta. Ya toshe mini wurin kwana da ƙusa, ya zubar da katakon da ke da ƙamshin hannun tsohuwa."

"Ina ruwanka da tsohuwa?"

"Ni nake tallafa mata. Da fari ita kaɗai take ja, ta ja ta huta, ta ce, ɗana yana zuwa gobe. Rannan ta faɗi ta bugu a ƙugu, ta ɓoye masa don kada ya ji kunya. Tun daga ranar nake ɗaga mata daga ƙasa."

Kafinta ya tuna ɗingishin da ya ɗauka na tsufa ne. Kunya ta rufe shi, ya kasa ɗaga kai.

"Faɗi abin da zai sa ka sake ta," in ji malam.

"Ya mai da tsohon falankin. Ya zuba kayanta kamar da. Ya ja da hannunsa, ba taimakona. Sai in tafi, ba mai sake jin ɗuriyata."

Kafinta ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya tsinto falankin cikin ƙura ya zura shi a tsaginsa, ya jera zannuwan Inna. Auta ta yi atishawa, hannuwanta suka saki, ta faɗa jikin uwarta tana neman ruwa.

Kafinta ya kama durowar ya ja. Ta cije. Ya sa hannu biyu, ya tokare da gwiwa, jijiyoyin wuyansa suka tashi, da ƙyar ta motsa.

Yarinyar ta dube shi daga cinyar uwarta.

"Baba, bari kawai. Kaka takan ce a bar ta, kai za ka gyara."