Turakun Titin Kasuwa

Da ƙarfe takwas na safiyar Litinin aka kawo wa Sufeton 'yan sanda rahoto. Wata motar kaya ta buge ungozomar asibitin unguwa a kan kekenta, ƙafarta ta karye wuri biyu. Ungozomar ba ta kauce ba, tana cikin hanyar kekuna da majalisar gari ta ware a titin kasuwa wata uku da suka wuce. Turakun ƙarfe goma sha biyu da ke raba hanyar da ta motoci ne suka yi ɓatan dabo.

Kafin Sufeto ta zauna a kujerarta har an kama mutum. Mai shagon katifa ne, wanda kowa ya san ya tsani hanyar don ta hana masu saye ajiye mota a ƙofarsa, kuma ya taɓa rantsuwa a gaban jama'a sai ya tumɓuke turakun. Ciyaman ɗin majalisa ya bugo waya sau biyu, yana so a kai shi kotu kafin Alhamis, ranar da majalisa za ta jefa ƙuri'a kan a bar hanyar ko a soke ta. Sufeto ta amsa masa cikin ladabi cewa wanda ya yi za ta kai, ba wanda ya fi kusa da hannu ba.

Ta ɗauki Sajan suka nufi titin. Ta tsuguna ta duba inda turakun suke. Ba yanke su aka yi ba, kwance su aka yi, kuma kowane rami an toshe shi da robar cikin tayar keke, an yanke ta daidai da fuskar kwalta.

"Ɓarawo mai tarbiyya," in ji Sajan. "Ya yi sata ya gyara wurin."

Ta tambaye shi amfanin toshe ramin. Sajan, wanda shi ma a keke yake zuwa aiki, ya ce mota ba za ta ma ji shi ba, amma bakin ƙarfen da ke cikin ramin yana iya tsaga tayar keke nan take.

A ofis, Mai katifa ya dage cewa ranar Lahadi bai leƙa shago ba. Sufeto ta gaya masa mutum uku sun ga motar katifunsa tana sauke kaya a tsakiyar hanyar kekuna da yamma. Ya sauke kai.

"Ina wurin, ranki ya daɗe. Tsoro ne ya sa na musa."

Ya ce wajen ƙarfe uku na rana wani mutum ya zo da rigar ma'aikatan hanya, da hula da takunkumi, yana kwance turakun ɗaya bayan ɗaya yana ɗorawa a baro. Ba wanda ya tanka masa. Shi kansa ya ɗauka majalisa ce ta saduda, har ruwan sanyi ya aika masa. Fuska dai bai gani ba, amma ya lura mutumin ya cusa ƙafar wandonsa ta dama cikin safa.

"Saboda sarƙar keke," Sajan ya faɗa a hankali.

"Kai kana hawa keke?" Sufeto ta tambayi Mai katifa.

"Da wannan tumbin? Ai sai keken ya kawo miki ƙarata."

Ranar Talata suka je siton ma'aikatar ayyuka. Notin turakun kusurwa biyar gare shi, kuma sifana biyu ne kacal a garin ke kwance shi. Mai kula da sito ya rantse tunda aka kawo su ba su taɓa fita ba. Sufeto ta ɗauko su daga jikin bango ta jera a tebur. Ɗaya ƙura ta rufe shi, ɗayan kuwa da ɗanyar kwalta a baki.

"To, baba, tunda bai fita ba, sai in rubuta kai ka yi aiki da shi."

Tsohon ya cire tabarau ya goge. Ya ce Kansila Mai Keke ne ya ara ranar Juma'a, wai zai ɗaure wani turke da ya yi sako-sako, ya kuma roƙe shi kada ya faɗa wa kowa.

A mota Sajan ya gaya mata ko wane ne mutumin. Wannan kansilan shi ne ya kawo hanyar. Shekara huɗu yana zuwa majalisa a keke ana masa dariya, yana bin makarantu da asibitoci yana tattara sa hannun mutane.

Ranar Laraba da safe suka same shi a ofishinsa yana manna hotuna a allo don zaman gobe. Hotunan motoci ne jere a cikin hanyar kekuna, da lokaci a ƙasan kowanne: Lahadi, huɗu da rabi na yamma.

"Ranka ya daɗe, wa ya gaya maka turakun sun ɓace ranar Lahadi? Mu sai Litinin muka ji."

Ya ce wucewa ya zo yi ya gani. Ta tambaye shi me ya hana shi kai rahoto. Ya ci gaba da manna hotunansa. Ta ajiye sifanan a gabansa, ta ajiye robar guda ɗaya kusa da shi, ta ja kujera ta zauna ta jira.

Da ya fara magana, muryarsa ƙasa-ƙasa take. Ya ce ya ƙirga kansiloli, bakwai za su soke hanyar, biyar ne tare da shi. Ya so su ga yadda titin zai koma in babu turaku, su kuma ɗora laifin a kan 'yan kasuwa, ƙuri'a biyu su juyo.

"Har ramukan na toshe, don kada tayar wani ta fashe."

"Ka tuna da taya," in ji Sufeto, "ka manta da wadda ke kan keken."

Turakun suna rumfar ajiye kekuna a bayan ginin majalisar, an lulluɓe su da tamfol. Kansila ya roƙa a mayar da su kafin a tashi makarantu. Sufeto ta sa a ɗauki hotonsu, a riƙe ɗaya a matsayin shaida, sauran a kafa su kafin azahar. Daga nan ta buga ofis ta ce a saki Mai katifa, a kuma ba shi haƙuri.

A kan matakala, kansiloli na leƙowa ta ƙofofinsu, Kansila Mai Keke ya tsaya ya tambaye ta ko tana ganin hanyar za ta tsira gobe.

"Wannan aikin majalisa ne, kuma gobe kujerarka ba kowa a kanta," ta ce. "Mu je."

Sajan ya buɗe masa ƙofar baya ta motar 'yan sanda, ya sunkuya ya shiga.