Jar Kanwa a Kofin Dakta Hamad

Da hantsin wata Talata, cikin zafin Yuni na 2014, kwale-kwale ya sauke Sufeto Hatim a wani ɗan tsibiri da ke tsakiyar Kogin Nilu, kudu da Alƙahira. Wurin cike yake da ayaba da dabino. Nan masu hali ke zuwa su yi mako guda suna lanƙwasa jiki da sunan yoga, ana shafe su da man riɗi, ana ɗura musu saiwoyin Indiya. Hatim bai taɓa gane abin da zai sa magidanci ya tsaya da ka ba, amma ba wannan ya kawo shi ba.

Mai wurin, Dakta Hamad, yana kwance matacce a kan tabarmar motsa jikinsa. Gefensa ga kofin jiƙon da yake sha kullum kafin rana ta fito. Hatim ya karkata kofin, ya ga wani abu ja-ja ya kwanta a ƙasa.

Kofur ɗin da ya riga shi isowa har ya sa wa mai haɗa magungunan wurin ankwa. Sunansa Habibu, Bakano ne da ya zo karatu unguwar Darrasa ta Alƙahira shekara ashirin da suka wuce, ya zauna. Mahaifiyar Hatim Bahaushiyar Sudan ce, don haka da Hausa ya tare shi.

"Wa ya haɗa jiƙon?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Jiya da la'asar, kamar kullum."

"Mai kwale-kwale ya ce tun azahar ya tsallakar da kai, sai yau ka dawo."

Habibu ya sunkuyar da kai. "Ma'alesh, a yi haƙuri, yallaɓai. Matata ce ta haihu, Dakta kuma ba ya ba da hutu. Na roƙi wani ya jiƙa."

"Wa ka roƙa?"

"Na manta."

Ƙarya ce, kuma ta ɓata wa Hatim rai. A ofis so ake a rufe fayil, ga baƙo marar gata a hannu. In Habibu ya ci gaba da mantuwa, igiya za ta ci wuyansa, jaririn nan ya tashi ba uba.

Ranar Alhamis sakamakon gwaji ya fito: 'ya'yan zaƙami masu yawa, da jar kanwa. Hatim ya bi littafin magungunan Dakta shafi-shafi, babu kanwa ko sau ɗaya, Habibu kuwa da littafin yake aiki. Amma ya tuna mahaifiyarsa. Ko maganin mura za ta jiƙa, sai ta jefa jar kanwa, ba ta ma sanin ta jefa.

Ya koma tsibirin. A zauren baƙi an jera hotunan waɗanda aka ce sun warke, duk sun yi ƙura, ban da ɗaya da gilashinsa ke ƙyalli. Budurwa ce tana murmushi, an rubuta a ƙasa: "Hiba. Na rabu da ciwon suga cikin kwana arba'in."

A kicin ya tarar da mai girki, Inna Dije, dattijuwa Bahaushiya daga Arba wa Nus, unguwar 'yan gudun hijira, tana tsintar shinkafa.

"Inna, sannu da aiki. Ke Habibu ya roƙa?"

"Ni girki nake yi, ɗana. Ban taɓa kofinsa ba."

"Abincin nan ko gishiri ba a sa masa. Mene ne ƙulle a bakin mayafinki?"

"Kanwa ce, ta ciwon ciki."

"Wa ke goge hoton Hiba?"

Hannunta ya tsaya cikin shinkafar.

"Habibu ya ƙi faɗin sunanki," in ji Hatim. "Gobe za a kai shi kotu."

Ta ture tiren, ta kalle shi ido cikin ido.

"'Yata ce, ita kaɗai Allah ya bar min. Dakta ya ce ta bar allurar suga, yoga da jiƙo za su warkar da ita. Kwana goma sha ɗaya ta yi, ta mutu a cinyata. Na kai ƙara, aka ce 'yar gudun hijira ba ta da shaida. Sai ga hotonta a takardar tallarsa, wai ta warke. Na zo neman aiki, ko fuskata bai gane ba. Wata goma sha takwas ina dafa masa abinci, ina jiran ranar da kofin nan zai shigo hannuna."

"Me ya sa kika sa kanwa?"

"Na sa?" Ta kalli hannunta. "To, haka ake jiƙa magani."

"Kin yi nadama?"

"Ta Habibu kawai. Ku sake shi, khalas, shi ke nan. Shi kuwa wancan, da zai tashi sai in sake jiƙa masa."

Hatim ya ji tausayinta har cikin ransa, bai kuma ji na mamacin ba, amma ya kira kofur. Da suka zo zaure ta tsaya, ta nuna bango.

"Ba zan bar ta tana yi masa ƙarya ba."

Hatim ya sauke hoton da kansa. Ta yage rubutun ƙasa, ta rungume sauran a ƙirjinta. Bai sa mata ankwa ba sai da suka tsallake ruwa.