Sallamar Da Na Amsa

"Assalamu alaikum..."

"Wa alaikumus salam, bismillah!"

Bakina ne ya amsa, ni ban ma sani ba. Idona na kan tambaya ta sittin da uku, sai kawai na ji muryata ta fita, har da waiwaye na kalli ƙofa.

Allon kwamfutar ya tsaya cak. Wani ɗan saƙo ya fito da Turanci: an ji kina magana da wani, an ga ƙofa ta buɗe, an soke jarrabawarki.

Shi ke nan. Khalas.

Wata huɗu na yi ina karatun jarrabawar nan ta satifiket ɗin network. A ɗaki ake yinta, kyamara a kunne, wani mai sa ido da ba ka taɓa gani ba yana kallonka daga wata ƙasa. Dokarsu a fili take, ba magana, ba mai shigowa. Manajan kamfanin cargo ɗin da nake wa aiki kuwa ya riga ya faɗa min gaba da gaba, in wata ya ƙare ban kawo satifiket ba babu kwantiragi, in babu kwantiragi babu biza. Sai Kano.

Na kalli saƙon na sake kallo. Wallahi ban ji komai ba. Ko gabana bai faɗi ba.

A bakin ƙofa wata dattijuwa ce cikin atamfa da babban mayafi, bayanta wata budurwa mai ƙamshin turare.

"Ke ce Khairunnisa?"

Na sauko daga kujera na durƙusa. "Ni ce, Hajiya. Ina kwana?"

"Ni ce mahaifiyar Abdulhakeem. Sarin kaya na zo kasuwar Murshid Bazaar, na ce sai na ga wadda ta hana ɗana waiwayar gida da idona. Wannan Muhsinat ce, 'yar ƙanwata. Ita muka tanadar masa."

"Sannunku da zuwa."

Na shimfiɗa musu darduma, na kawo ruwa da dabino. Hajiya ta ƙare wa ɗakin kallo, wayoyi a ƙasa, littattafai a ƙarƙashin gado.

"Mace ita kaɗai a Dubai, cikin maza da wayoyin wuta! Ina tarbiyya a nan? Ki fita harkar ɗana, kin ji ko?"

"Na ji, Hajiya."

"Ayya," in ji Muhsinat, murya a sanyaye kamar mutuniyar kirki, "ko dai mun katse miki wani abu ne?"

A hannunta na ga takardar da na manna a ƙofa tun asuba, wadda na rubuta da manyan baƙaƙe cewa ana jarrabawa, kar a shigo. Ta ninke ta gida huɗu tana fifita da ita. Hajiya ba ta karanta boko. Muhsinat kuwa digiri gare ta.

"Ba komai," na ce. "Ku sha ruwa."

Da la'asar Abdulhakeem ya same ni a tashar abra, ƙananan jiragen ruwan da ke haye da mutane daga Bur Dubai zuwa Deira. Daga wurin aikinsa na Al Warsan ya taho, ko katin wuyansa bai cire ba. Shi ya koya min duk abin da na sani a harkar nan, shi ya sa nake tsokanarsa da Malam.

"Nisa... Nisa, kalle ni mana."

Na kalle shi.

"Wallahi ban san za su zo ba. A gabana Muhsinat ta tambayi ranar jarrabawarki, ni kuma kamar wawa na faɗa, har da lokaci!"

"To."

"To? Habibti, ki zage ni, ki yi kuka, ki yi wani abu!"

"Kukan bai zo ba, Malam. Ya zan yi?"

Shi ya rubuta musu takardar koke, ni sa hannu kawai na yi. Suka amince in sake sau ɗaya, ranar ashirin da takwas ga wata, kwana biyu kafin wa'adin manaja. Cibiyoyin jarrabawa duk sun cika, don haka a ɗakin nan dai zan sake zama.

"Abu biyu," na ce masa. "Kar ka gaya wa Hajiya abin da sallamarta ta jawo, ba laifinta ba ne. Na biyu, in na gama, ko na ci ko na faɗi, mu haƙura da juna. Ba zan shiga tsakaninka da mahaifiyarka ba."

"Nisa! Kin san me kike faɗa kuwa?"

Na sani. Na ji kalmomin suna fita kamar ina karanta lambar kwantena.

Kwana goma muka yi muna shiri. In tashi, in je ofis, in dawo, in buɗe kwamfuta. Abinci duk ɗanɗanonsa ɗaya. Abdulhakeem ya jefo min adireshin intanet ta waya ya ce in raba shi gida goma sha shida, in raba kafin ya ajiye kofin shayi. Ya lalata min haɗin na'urori da gangan, in gano inda ya ɓata in gyara.

"Karatunki ba shi da matsala," ya ce ran nan. "Bakinki ne matsalar."

Nan aka shiga sabon darasi. Rahila, 'yar Nijar ɗin da muke flat ɗaya, wadda ta buɗe wa su Hajiya ƙofa ranar don ba ta iya tare babba ba, ita ta ɗauki aikin. Ina tsakiyar gwaji sai ta rangaɗa sallama daga waje.

"Wa alaikum..."

"Kin faɗi! Vraiment, gaskiya ke ba kya jin magana!"

Sau bakwai ina faɗuwa a rana ɗaya. Tun ina 'yar shekara uku Mama take murɗe min kunne in aka yi sallama na yi shiru. Yanzu kuma a ce in kwance abin cikin kwana goma?

"Amsa sallama fa wajibi ne, Malam."

"Mai sallah yana amsawa da baki? Ki ɗauka kin tayar da kabbara. In kin idar kya amsa."

A hankali na koya. Rahila ta yi sallama, in haɗiye. Abdulhakeem ya kira waya ya yi sallama da muryar nan tasa mai taushi, in yi shiru har ya gaji. A kwana na tara ya ce, "Kin iya, habibti." Amma ba da murna ya faɗa ba, don shirun nawa ya wuce na darasi.

Ranar ashirin da takwas, ƙarfe goma na safe, na nuna wa kyamara fasfona da kusurwoyin ɗakin huɗu. Aka fara.

Wajen tambaya ta arba'in na ji ƙararrawar flat. Na ji taku. Na ji wani ya ja numfashi zai yi magana, sai wani kaifin "Shhh!" ya datse shi. Ban waiwaya ba. Na ci gaba da dannawa kamar inji.

Da na danna ta ƙarshe allon ya yi fari, sannan ya kawo sakamako. Na ci, har da rata.

Na zauna ina jiran farin ciki ya zo. Bai zo ba. Na ce alhamdulillah don ya kamata a ce, na rufe kwamfuta, na buɗe ƙofa.

Saura kaɗan in taka ta.

Hajiya ce zaune a kan darduma, ta tokare bakin ƙofata da bayanta, carbi a hannu. Can ƙofar flat Abdulhakeem na tsaye, ko takalmi bai cire ba.

"Awa biyu tana nan," Rahila ta raɗa min. "Ko tari ba ta yi ba. Mai gyaran AC ya zo ta kore shi da hannu. Ɗanta ma ta hana shi buɗe baki!"

Hajiya ta ɗago kai, murya ƙasa-ƙasa kamar har yanzu ana kallonmu.

"An gama?"

Na gyaɗa kai.

"An ci?"

Na sake gyaɗawa.

"Alhamdulillah!" Ta nuna Rahila da carbi. "Wannan mai bakin ce ta tare ni a ofishin cargo shekaranjiya, ta wanke ni tas, ta faɗa min abin da sallamata ta jawo da takardar da Muhsinat ta cire a ƙofa. Muhsinat na sa ta a jirgi jiya, ni na ɗaga tafiyata." Ta gyara mayafi. "Na rusa miki wahalar wata huɗu, kika durƙusa kika ba ni ruwa da dabino. Ni kuma ina tsaye a kanki ina tambayar ina tarbiyya..."

"Hajiya, ba komai..."

"Umma za ki ce. In na koma, baffanninsa za su je wurin mahaifinki. Kai kuma daina washe baki a gabana, mara kunya!"

Abdulhakeem ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Ta dafa bango ta miƙe da ƙyar, ƙafafunta sun yi tsami.

"Koma ciki ki rufe ƙofa. Wancan zuwan ban yi shi daidai ba."

Na koma, na rufe. Na tsaya a tsakiyar ɗaki hannuwana a sake.

Ta ƙwanƙwasa a hankali, sau uku.

"Assalamu alaikum..."

Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Kwana goma ina koyon haɗiye amsar, ga shi ta maƙale a maƙogwaro. Ni da ko ɗigon hawaye ban yi ba tun ranar, sai ga ni durƙushe ina kuka kamar ƙaramar yarinya.

"Ke! Sallama fa nake yi, 'yar nan, ƙafata ciwo take!"

Na share fuska da gefen ɗankwali, na rarrafa na kama mariƙin ƙofa.

"Wa alaikumus salam, Umma... shigo."