Jikar Mai Ganga

Mahaifiyar Taegon ta ajiye wayarta a tsakiyar tebur, tsakanin farantin kifi da na kimchi, ta juyo da ita saitin Boram.

"Kalli nan, yarinya. Ɗazu aka turo mini, na ce sai na ji daga bakinki."

Sautin ganga ne ya fara fitowa.

Tun kafin ta duba, Boram ta gane. Ta san kiɗan nan. Ta san farfajiyar nan, ta makarantarsu ce da ke gindin dutsen Gyeryong. Ga ta nan ita kanta cikin farar riga har ƙasa, ƙararrawa a hannun dama, mafici a hagu, tana juyi...

Kuma yau ce ranar da iyaye suka haɗu don sa ranar bikinsu!

A can gefen akwai Taegon da mahaifinsa, mutum marar yawan magana, sai Uwargida Pyo, mahaifiyarsa, babbar dattijuwa a cocinsu. A gefen Boram kuwa mutum ɗaya ce tak. Halmoni, kakarta da ta raine ta, wadda Boram ta gabatar musu a matsayin mai sayar da ganye a kasuwa.

"Mudang ce ke?" in ji Uwargida Pyo, kamar kalmar tana ƙona mata baki. "Bokanya zan kai gaban fasto in ce ga surukata?"

"Omma, don Allah..." Taegon ya fara roƙon uwarsa.

"Yi mini shiru! Ita nake tambaya."

Boram ta ɗago ta dubi Taegon. Idonsa na kanta, yana jira ta ce wani abu, ko mene ne, ya yarda.

"A'a, Omonim." Haka ake kiran uwar miji cikin girmamawa. "Bincike ne na makaranta, aka ce mu gwada kayan. Ni ba ni da haɗi da irin waɗannan mutanen."

A daidai lokacin hoton ya karkata zuwa ga mai kaɗa gangar.

Halmoni ce. Fuskarta fes, babu ta inda za a musa.



Tsohuwar ta ajiye tsinken cin abincinta a hankali. Ta dafa tebur ta miƙe, ta sunkuyar da kai gaban matar da ta kusa haifa.

"Ni ce mudang ɗin, uwar ango. Yarinya gaskiya ta faɗa, babu ruwanta. Ni na matsa mata ranar, don mai taya ni ba ta zo ba. A yi mini aikin gafara."

Boram ta so ƙasa ta tsage ta shige.

A motar komawa gida ba ta iya kallon kakarta ba. Ta manna goshi a gilashi, hawaye na bin kumatunta. Halmoni ta zaro lemo daga jaka ta ɓare, ta tura mata a tafin hannu.

"Ci, kwikwiyona." Sunan lallashi ne da take kiranta da shi tun tana ƙarama. "Ko loma ba ki yi ba a can."

"Halmoni..."

"Ci, na ce. Kifin nasu ma gishiri ya yi masa yawa."

Da zaginta ta yi, da ya fi sauƙi.

Tun tana firamare yara ke bin ta suna kwaikwayon kaɗa ƙararrawa, suna kiranta jikar mai aljanu. Ta taso tana ɓoye adireshin gidansu. Amma ta kuma taso tana ganin matan da ke shigowa ɗakin kakarta a karye, su fita suna iya taka ƙasa. Babu wanda ya tura ta makarantar nan, da ƙafarta ta je. Da safe su koyi ganga da waƙoƙin roƙon magabata da tsarin bukukuwa. Da rana malamai su koya musu zama da mai makoki, yadda ake saurare, da lokacin da ya kamata a ce wa mutum likita yake buƙata, ba ganga ba.

Da ta haɗu da Taegon, ma'aikacin kashe gobara mai dariya kamar yaro, ya tambaye ta me take karanta.

"Ba da shawara ga masu damuwa," ta ce.

Rabin gaskiya ne. Sauran rabin kullum sai ta ce gobe.

Bayan kwanaki ya kira ta, murna fal muryarsa.

"Boram! Zuciyata, Omma ta sauko! Ta ce tunda ba laifinki ba ne, a yi bikin."

"Da gaske, Oppa?" Haka 'yan mata ke kiran na kusa da su da ya girme su.

"Sai dai..." Ya rage murya. "Za ki fara zuwa coci. Kuma ta ce ranar bikin... Halmoni ta huta a gida. Na yi ta faɗa da ita, wallahi. Amma mu fara samun wannan, sauran zan gyara a hankali. Kin ji?"

Halmoni na tsakar gida tana shanya barkono, kuma ƙofa a buɗe take.

"To," in ji Boram.

Da ta kashe wayar, tsohuwar ba ta ko juyo ba.

"Gwiwoyin nan nawa dama ba za su iya zaman biki ba. Ki kawo mini hoto, ya ishe ni."

Boram ta shige banɗaki ta kunna famfo don kada a ji kukanta.

Wadda ta tura bidiyon kuwa ba ta ji daɗin yadda abin ya ƙare ba. Yuson ce, mai kaɗa piyano a cocin, wadda Uwargida Pyo ta daɗe tana zaunar da ita kusa da ɗanta a kowace walima. Ta koma dutsen ta yi 'yan tambayoyi, ta gano ranar Asabar ɗaliban ajin ƙarshe ke zama da masu neman shawara. Sai ta roƙi Taegon ya kai ta, wai motarta ta lalace kuma tana da saƙon da za ta kai can.

Ranar, wani direban tasi ne a gaban Boram. Hularsa na hannunsa, yana ta murɗa ta. Matarsa ta rasu yana kan hanya da fasinja, ta kira shi bai ɗauka ba.

"An ce kuna magana da su," ya ce. "Ki tambayar mini ita, 'yata. Tana fushi da ni?"

"Baba, ba zan yi maka ƙarya in ce na ji muryarta ba. Ban ji ba."

Kafaɗunsa suka faɗi.

"Amma kai ka san ta, ni ban san ta ba. In ta kira ka kana aiki, me ta saba ce maka?"

Ya dubi hular da ke hannunsa.

"Cewa take... ka ci abinci? Kullum shi kenan. Ka ci abinci, tsoho?"

Sai ya fashe da kuka, irin wanda ya daɗe a maƙale. Boram ta matso masa da shayi, ta zauna tare da shi har ya yi mai isarsa.

Da ta rako shi bakin ƙofa ne ta gan su.

Taegon na tsaye a baranda kamar an dasa shi. Yuson na bayansa, hannu a harɗe.

"Ka gani da idonka ko, Oppa? Wai bincike! Har ɗakin duba gare ta."

"Ki sauka ki hau bas, Yuson," ya ce, bai ko dube ta ba. "Kin gama aikinki."

Suka rage su biyu. Boram ta dubi farar rigar jikinta, ta rasa inda za ta sa hannuwanta.

"Oppa, bari in yi maka bayani..."

"Baƙon da ba ki sani ba, kin ƙi yi masa ƙarya." Muryarsa a sanyaye. "Ni fa, Boram? Ni me na yi miki?"

"Tsoro nake ka guje ni!"

"Da kin bar ni na zaɓa! Ƙila in tsorata, eh. Ƙila in yi kwana biyu ban kira ba. Amma kina zaune tsohuwar nan ta sunkuya wa uwata saboda ke. Ni kuma na zo ina miki albishir wai za a hana ta zuwa bikinki, kika ce to. Kin mayar da ni wane irin mutum?"



Ya juya ya sauka matakalar dutsen. Ta kira sunansa sau ɗaya, bai waiwayo ba.

Bai kira ba. Ita ma kunya ta hana ta. Ta daina zuwa aji, ta kwanta a ɗaki fuska ga bango. Halmoni ta ƙyale ta har sai da ta ga abin ba na ƙarewa ba ne, sannan ta shigo ta yaye bargon.

"Tashi. Ɗakin nan ya fara warin mutum."

Boram ta zame ta durƙusa, ta kama ƙafafunta.

"Halmoni, na ce ba ni da haɗi da ke. A gabanki! Don me ba za ki mare ni ba?"

Tsohuwar ta zauna a ƙasa da ƙyar.

"Ya yi mini zafi. Kada ki zaci bai yi ba." Karon farko kenan da Boram ta ga idonta ya kawo ruwa. "Mutanen gari sun faɗi abin da ya fi haka, ko a jikina. Naki ne ya shiga. Amma marinki ba zai cire shi ba, kwanciyar nan ma ba za ta cire ba."

"To me zan yi?"

"Ke ce mai karatun ba da shawara. Ni ganga kawai na iya."

Ranar Lahadi da rana, bayan an taso daga coci, Boram ta tsaya a ƙofar gidan su Taegon. Uwargida Pyo ce ta buɗe, da kayan cocinta a jiki.

"Omonim, ƙarya na yi miki ranar nan." Ta sunkuya sosai. "Ni ɗaliba ce a makarantar, babu wanda ya tilasta ni. Kakata ta rufa mini asiri ne kawai. Aikin da zan yi kenan, kuma ba zan yi biki babu ita ba. Na zo ne ki ji daga bakina."

Matar ta tsaya tana kallonta. Sai ta juya ciki da sauri. Boram ta ɗauka ɗanta za ta kira.

Da kwanon gishiri ta dawo, irin wanda ake watsawa a ƙofa don korar mugun abu.

"Fita! Fitar mini da baƙin jininki daga ƙofa!"

Ta damƙo ta watsa mata. A gashi, a wuya, har cikin ido. Maƙwabta suka leƙo ta tagogi. Boram ta tsaya cak, kunya kamar ta narke, amma ba ta gudu ba.

"Omma!"

Taegon ne, ko takalmi babu. Ya riƙe hannun uwarsa kafin ta sake ɗiba.

"Wannan gishirin a wace aya kika karanto shi? Ba irin aikin kakarta ba ne kike yi?"

"Ni kake faɗa wa haka? Saboda bokanya?"

"Ki yi haƙuri, Omma. Amma ta zo ta faɗi gaskiya, ba a watsa wa mutum gishiri don ya faɗi gaskiya."

Ya sauko ya tsaya gaban Boram. Ya sa hannu yana kakkaɓe mata gashi a hankali.

"Ya shiga idonki?"

"Kaɗan..."

"Har yanzu ina fushi da ke, ki sani."

"Na sani, Oppa."

"In ka bi ta, kada ka dawo mini gida!" uwarsa ta ɗaga murya.

Taegon ya rufe ido na ɗan lokaci. Sai ga mahaifinsa ya fito, ya ajiye wa ɗansa takalmi a bakin ƙofa ya koma ciki.

Halmoni na ɗaure gangarta a zane suka shigo, za ta wani gida da aka yi rasuwa. Taegon ya zube a tsakar gidan, goshi har ƙasa.

"Halmoni, ki yafe mini. Na yarda a hana ki zuwa bikin jikarki."

Ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"Uwarka fa?"

"Ta ce kada in dawo."

"Za ka koma. Duk Lahadi za ka je ka gaishe ta, ko ta buɗe ko kada ta buɗe. Ba zan karɓi ɗan da ya yar da uwarsa ba." Ta nuna gangar da haɓa. "Kana tsoron wannan?"



"Gaskiya... ina tsoro, Halmoni."

"Madalla, ka fi wata faɗin gaskiya. Ɗauki ka kai mini mota, bayana ya gaji."

An yi bikin da bazara, bayan Boram ta kammala karatunta. Mahaifin ango ya zo shi kaɗai, kujerar da ke gefensa babu kowa har aka tashi. Taegon ya yi ta satar kallon ƙofa, Boram kuma ta riƙe hannunsa gam, don ta san ita ce sanadi, kuma ta san wannan ciwon ba na yini ɗaya ba ne.

Da aka zo gaisuwar iyaye, suka juya wajen Halmoni suka durƙusa. Taegon ya miƙe, Boram ba ta miƙe ba. Ta daɗe goshinta a ƙasa, kafaɗunta na girgiza, har baƙi suka fara kallon juna.

Tsohuwar ta sunkuyo ta dafa mata baya.

"Ya isa haka," ta raɗa mata. "Na yafe tuntuni. Tashi, kina ɓata rigar mutane."